Katangar Ƙasa Ta Fi Soso Maganin Rurin Janareta

Duk ɗalibin da ya taɓa karatun dare kusa da janareta ya san cewa ƙararsa iri biyu ce. Akwai mai kaifi, wadda rufe taga kan rage ta. Akwai kuma ruri mai kauri da kan ratsa bango, ya girgiza gilashi, ya hana barci. A ganina, wannan na biyun yawancinmu muna yi masa maganin da ba nasa ba.

Sau da yawa akan manna soso ko kwalin ƙwai a bango, amma rurin na nan daram. Ga dalili. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya a iska. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa, saboda haka tsawon kowace igiya ta rurinsa ya kusa mita 7. Ina soso mai kaurin yatsa biyu zai iya da wannan?

Abin da ke tare ruri shi ne nauyi. Idan aka ninka nauyin bango, sautin da ke ratsa shi kan ragu da kimanin desibel 6. Ke nan katangar ƙasa irin ta kakanninmu ta fi langa-langa nesa ba kusa ba. Na biyu, a raba injin da daɓe, a ɗora shi bisa roba mai laushi ko tsohuwar taya, don kada girgiza ta bi ƙasa ta shiga ɗaki. Na uku, a gyara salansa. Kamar yadda kwalba ke amsa amo guda idan an busa bakinta, haka wani rami a cikin salansar mota ke danne amon da aka auna shi dominsa. Masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19.

Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke cin lantarki. Don haka ina kira ga malamanmu na kimiyya da su fitar da darasin sauti daga allo. A ajiye kwanon ruwa kusa da janareta, ɗalibai su dubi rawar ruwan kafin a sa taya da bayan an sa.

Sai dai a kula: kada neman shiru ya sa a shigar da janareta ɗaki. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, tana kuma kisa. A gina masa katanga a waje, a bar wa iska hanya.