FILIN KIMIYYA: Na'urar Da Ke Ƙidayar Abin Da Ido Ba Ya Gani

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata 'yar na'ura wadda girmanta bai wuce na rediyon hannu ba, ba ta kuwa da wata murya sai "ƙas, ƙas, ƙas". Sunanta na'urar Geiger, ana faɗinsa Gaiga, watau sunan Bajamushen da ya ƙago ta.

Akwai waɗansu ma'adinai, kamar yuraniyam da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, waɗanda ƙwayoyin zarrarsu ke farfashewa da kansu, suna feso wani irin tururi da masana ke kira rediyeshon. Ba shi da launi, ba shi da wari, mutum kuma ba ya jin komai sa'ad da yake ratsa jikinsa, alhali idan ya yi yawa yana kisa. Wani Bafaranshe, Henri Becquerel, shi ya gano shi cikin 1896. Amma gano abu daban, auna shi daban.

Dubi irin wahalar da masanan farko suka sha. A Jami'ar Manchesta ta Ingila, Hans Geiger yana aiki a ƙarƙashin Ernest Rutherford. Sukan shafa wani sinadari na tutiya da farar wuta a jikin ɗan allo. Duk ƙwayar tururin da ta bugi allon sai ta yi ɗan ƙyalli kamar na makesu, nan take ya ɓace. Sai mutum ya zauna cikin baƙin duhu kamar rabin sa'a don idonsa ya saba, sa'an nan ya ɗora ido a madubi mai ƙara girman abu, ya riƙa ƙidaya ƙyallin ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗewa ido ke gajiya, a karɓe shi. Da wannan aikin haƙuri ne Geiger da wani ɗalibi, Ernest Marsden, suka gano cikin 1909 cewa idan aka harba ƙwayoyin ga siririn fallen ƙarfe, kamar ɗaya cikin 8,000 takan dawo baya. Daga nan Rutherford ya fahimci, cikin 1911, cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra a dunƙule yake a cibiyarta.

Tun 1908 su biyun sun gwada ƙidaya da lantarki, amma abin bai yi auki ba. Sai cikin 1928, a Jami'ar Kiel ta Jamus, Geiger da ɗalibinsa Walther Müller suka fito da bututun da har yau ake amfani da irinsa.

Ga yadda yake aiki. Bututu ne rufaffe mai iskar gas kaɗan a ciki, an ja siririyar waya ta tsakiyarsa, an ɗora mata ƙarfin lantarki na bolt ɗaruruwa. Idan ƙwayar tururi ta shigo, sai ta fizge ilektaron daga iskar. Wayar ta jawo shi da gudu, a hanya ya banke waɗansu, su ma su banke waɗansu, kamar yadda tartsatsi guda ke kama busasshen daji da rani. Kan ka ce kwabo, abin da ya faro daga ƙwaya ɗaya ya zama bugun lantarkin da lasifika za ta iya amsawa. Wannan shi ne "ƙas" ɗin.

A nan zan so in ja kunnen mai karatu. Ko a ɗakinka aka kunna ta za ta yi ƙara jefi-jefi, domin duwatsu da ƙasa suna fitar da ɗan tururi, wani kuma daga sararin samaniya yake zuwa. Ƙara guda ba abin firgita ba ne. Abin dubawa shi ne yawanta cikin minti. Har ila yau na'urar ƙidaya kawai ta iya, ba ta faɗin ƙarfin ƙwayar da ta shigo.

Da bugun ya fi ƙarfin injin ƙidaya mai haƙora, sai wani masani a Kambirij, Wynn-Williams, ya shirya na'ura cikin 1932 wadda kowane matakinta ke miƙa bugu ɗaya bayan ya karɓi biyu. Matakai uku ke nan sun mai da takwas ɗaya. Irin wannan lissafi na bibbiyu shi ne na kwamfuta. Tsohuwar dabarar ƙyalli ma ta dawo cikin shekarun 1940, sai dai yanzu wani bututu mai jin haske ne ke kallon ƙyallin a madadin idon ɗan Adam.

Wanda ke ganin wannan duk zancen ɗakin gwaji ne, to ya ji abin da ya auku a birnin Goiania na ƙasar Burazil cikin Satumba 1987. Waɗansu mutum biyu masu neman tsofaffin ƙarafa suka shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka kwance injin gashin ciwon daji, suka sayar wa dillalin gwangwan. A cikinsa akwai garin sinadarin siziyam-137, mai shuɗin haske da dare. Dillalin ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai don sha'awa. Mutane suka kama amai da gudawa, aka zaci abinci ne ya ɓata musu ciki. Sai bayan mako biyu matar dillalin ta sa abin a jaka, ta hau bas ta kai wa ma'aikatan lafiya.

Kashegari wani masanin kimiyya ya aro na'ura irin mai kallon ƙyalli. Tun yana nesa da ofishin allurarta ta buga ƙarshe, har ya ɗauka lalacewa ta yi, ya koma ya ɗauko wata. Ita ma haka. Shi ne ya hana 'yan kwana-kwana jefa jakar cikin kogi. Aka tara jama'a a filin wasa, aka auna mutum wajen 112,000, aka sami 249 da garin ya taɓa. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6.

Mu ma a nan muna da irin waɗannan sinadarai a manyan asibitoci da wuraren haƙar man fetur, ga kuma dubban 'yan'uwanmu da ke cin abinci da sana'ar gwangwan. A ganina ya kamata kowace babbar kasuwar tsofaffin ƙarafa ta mallaki na'urar Gaiga ko da guda ɗaya ce. Kafin nan, duk wanda ya ci karo da ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ɗauke da alama mai kama da fuka-fukan fanka uku a kan ruwan ɗorawa, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya nisance shi, ya sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya da ke Abuja.