Tashar da ake karɓar haraji a cikinta, amma babu ita a taswira

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, har da ba da lasisin kwale-kwale da amalanke. Saboda haka ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum sun san inda motocin haya suke lodi, domin can ake yankar rasit. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta fi su sani, tun da ba a lodi sai da iznin 'yan kamashonta. Wannan sani yana kulle a aljihun tebur, ana tuna shi ranar karɓar kuɗi kaɗai. Rowa ce da dukiyar jama'a, kuma lokaci ya yi da za a fitar da shi.

Mai ganin maganar ƙarama ce ya tuna da 2010, shekarar da gubar dalma ta bayyana a Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka gano Bagega ma tana ciki. Yara aƙalla 400 suka rasu. A irin wannan annoba, sanin sunan ƙauye bai wadatar da ma'aikacin lafiya ba. Yana bukatar ya san inda uwa mai goyo za ta samu mota zuwa asibitin Anka, da ranar da motar take zuwa, domin a karkara sau da yawa mota ranar kasuwa take bi.

Taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa yana iya gyara ta, kowa yana iya amfani da ita kyauta. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da Red Cross da wasu abokan aikinsu suka kafa shirin Missing Maps, inda 'yan sa-kai suke zana gidaje da hanyoyi daga hoton tauraron ɗan'adam. Aiki ne mai kyau, amma yana da iyaka. Ɗalibi a Landan yana ganin rufin kwano da layin hanya, ba ya ganin cewa gindin wata bishiya tasha ce, ko cewa wani mashigi a bakin gulbi nan ake shiga jirgi. Bai san matsayin Daki Takwas ga matafiyi ba. Kuma ba shi da damar kwafowa daga Google, domin ƙa'idar mallaka ta hana.

Birtaniya ta warware wannan tun da daɗewa. Ma'aikatar sufurinta tana da rajistar NaPTAN mai ɗauke da matsayar bas fiye da 300,000, kuma daga 2009 aka fara shigar da ita cikin OpenStreetMap. Ba a ɗauke ta a matsayin wahayi ba: mazauna kowace unguwa sun riƙa fita suna dubawa, suna gyara matsayar da aka ajiye a inda ba nan take ba. Hukuma ta ba da ƙashi, jama'a suka sa tsoka. Wanda zai ce ai wannan sai Turai, ya dubi Nairobi, inda a 2014 masu bincike na Jami'ar Nairobi da abokansu na Amurka suka fitar da taswirar hanyoyin motocin matatu, waɗanda ba su fi motocinmu tsari ba. Wayoyin hannu suka yi aikin da su.

Hujja mafi nauyi da za a kawo ita ce tsaro, kuma ba a raina ta a yankin da aka kashe mutane kusan 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Janairun 2022. Sai dai a tambaya: wa ake ɓoye wa? Ɗan bindigar da ya tashi a dajin nan, yake da masu kai masa rahoto a cikin gari, ba ya jiran intanet ya gaya masa inda tashar Gummi take. Wanda sirrin yake makantarwa shi ne direban motar asibiti da aka turo daga Gusau, da jami'in agaji, da sabuwar ungozoma. Akwai abin da ya cancanci ɓoyewa, kamar lokacin tashin ayari da sunayen direbobi da lambobinsu, kuma babu mai neman a buga waɗannan. Wurin da tasha take kuwa, duk mai tallan gyaɗa ya san shi. Ga kuma abin da aka gani a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara: taswirar da aka riga aka sauke a waya tana aiki ba tare da sabis ba, muddin an zuba mata bayanai tun da fari.

Mashigan ruwa sun fi komai gaggawa. A Satumban 2024 jirgin ruwa ɗauke da manoma ya kife a Gummi, mutane da dama suka halaka a hanyar gona. Mashigin da jama'a suke bi kullum da damina tasha ce kamar kowace, ya kamata masu ceto su same shi a taswira da sunan da mutanen gari suke kiransa.

Abin da ake nema bai kai kuɗin fentin sakatariya ba. Kowace ƙaramar hukuma ta tura ma'aikaci ɗaya da waya, ya zaga tare da wakilin direbobi, su rubuta sunan tasha ko mashigi, da lambobin GPS, da garuruwan da ake zuwa daga nan, da ranar kasuwa. Shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu a takarda mai cewa kowa yana iya amfani da jerin, domin in babu wannan izni masu OpenStreetMap ba za su karɓa ba. Daga nan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau 'yan asalin yankin su shigar da shi, su gyara kurakuransa idan sun je hutu gida.