Kafin ka hau motar Legas, ka san ma'anar “balance”

Wata Litinin da hantsi na je tashar Adjamé aika saƙo Bouaké. Ina tsaye ina jiran yaron mota ya rubuta lamba a jikin kwalina, sai wani dattijo da muke sallah tare a masallacin unguwarmu ya riƙo hannun rigata. Mutumin Nijar ne, daga yankin Tawa, ya haura shekara ashirin yana sayar da kayan gyaran mota a Abijan. Faransancinsa na kasuwa ya ishe shi, Julanci kuwa kamar a Bouaké aka haife shi. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙo min.

“Malam, don Allah duba min wannan. Na ga sun rubuta kuɗin awo, amma kuɗin ya yi yawa. Wane irin sikeli ne da su a Legas?”

Rasit ne daga wani dillali. A sama an rubuta “deposit” da adadin da Alhaji ya aika ta hannun yaronsa. A ƙasa an rubuta “balance” da wani adadi da ya kusa kai na farko. Na ce, “Alhaji, ai wannan ragowar kuɗin da ake bin ka ne. Abin da ka aika kafin alƙalami ne kawai.” Ya yi shiru, ya zauna a kan wani buhu. A Faransanci “balance” sikeli ne, shi ya sa ya ɗauka ladan awo ne da za a iya yin ciniki a kansa. Ya riga ya yi wa makanikai uku alkawarin kayan a kan farashin da ya lissafa da rabin kuɗi. Dillalin bai cuce shi ba, gaskiya ya rubuta. Kalma ɗaya ce ta ci ribar Alhaji ta wannan zuwan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kalmar tana cikin Hausa. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano ya san “balas”, yana cewa “gobe zan kawo maka balas ɗinka”. Mu da muke zaune a ƙasar renon Faransa ne muka yi nisa da ita.

Tun daga ranar nake faɗa a duk majalisar da na zauna: duk Bahaushen da ke neman abinci tsakanin Adjamé da Treichville ya kamata ya mallaki kalmomin Ingilishi kamar ɗari, ya san ma'anarsu daram, kuma mu ne ya kamata mu koyar da su a tsakaninmu. Ban ce kowa ya zama farfesa ba. Kalma ɗari na ce.

Mu dubi hanyar da muke bi. Daga Abijan zuwa Noé, bakin iyakar Gana, bai kai kilomita 200 ba. Kana tsallake gadar kogin Tano ka shiga Elubo, allon hanya da takardar shiga da bakin ma'aikaci duk sun koma Ingilishi. Hanyar ta bi ta Takoradi da Akra, ta ratsa Lome da Kwatano, ta faɗa Legas ta Seme, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai a ƙasashe biyar. Biyu daga cikinsu, Gana da Najeriya, da Ingilishi suke aikin hukuma, kuma a can ne manyan kasuwannin da muke saro kaya suke. Najeriya kaɗai ta haura mutum miliyan 200. Tun 1979 ƙungiyar CEDEAO ta amince ɗan ƙasashenta ya shiga ƙasar maƙwabta ba biza. An buɗe mana ƙofa, amma takardar da ke bakin ƙofar ba da Hausa aka rubuta ta ba.

Ko ba ka tsallaka ko'ina ba, Ingilishi ya same ka a Adjamé. Kasuwar wayoyin da kowa ya sani a nan sunanta ma “Black Market”. Wayar da za ka saya a can, kwalinta da saƙon da take fara nuna maka galibi Ingilishi ne. Haka magunguna da yawa da ke shigowa daga Indiya, Najeriya da Gana.

Yanzu ga abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa. Bahaushe ya riga ya biya rabin kuɗin makarantar nan bai sani ba. Tsaya a tasha ka saurari bakinmu. “Tasha” kanta daga “station” ta fito. Direba, fasinja, kwandasta, tikiti, lodi, taya, birki, inji, fetur, gareji, lasisi, kwastan, rasit, canji, banki, ofis, kotu, lauya, duk Ingilishi ne da muka sa wa hula da babbar riga. Asibiti “hospital” ne, tela “tailor”, bokiti “bucket”, tebur “table”. Har 'yan uwanmu na Nijar da ke cewa lakwal da mushe da 'yan duwan, da bakinsu suke cewa mota da direba. Abin da ya rage shi ne a nuna wa mutum asalin kalmar a rubuce, ya gane fuskarta idan ya gan ta a allo. Na gwada da wani yaron shago: cikin zama ɗaya bayan la'asar ya gane kalma talatin, yana ta dariya yana cewa, “Kai, Malam, ashe duk Turanci muke ji!”

Inda ake faɗawa rami wuri uku ne, kuma a nan ya kamata a sa ƙarfi.

Na farko lissafi. Ingilishi yana da lambobi masu kama da tagwaye: “thirteen” 13 da “thirty” 30, “fifteen” 15 da “fifty” 50, haka har “nineteen” 19 da “ninety” 90. A cikin hayaniyar tasha, ga hon, ga masu kiran fasinja, kunne ba ya raba su. Maganinsa mai sauƙi ne, ka miƙa wayarka ka ce “write it”, wato rubuta min. Sannan ka kula da waƙafi. A rubutun Ingilishi 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.5 kuma ɗaya da rabi. A Faransanci waƙafin ne ke nuna rabi da kwata. Mu da muka saba ƙirga sefa da dala, muna ninkawa biyar a ka ba tare da alƙalami ba, wannan ba zai gagare mu ba.

Na biyu shi ne kalmomin da suka yi kama da Faransanci amma ma'anarsu daban, irin wadda ta kama Alhaji. Waɗannan sun fi baƙuwar kalma haɗari, domin baƙuwa kana tambaya, wannan kuwa kana ganin ka sani. A Abijan “car” babbar motar fasinja ce, a Akra “car” ƙaramar mota ce, babbar kuma “bus”. “Monnaie” da muke rigima a kai kullum da yaran gbaka, a Ingilishi “change” ne, “money” kuwa kuɗi ne gaba ɗaya. “Location” a Faransanci haya, a Ingilishi wurin da abu yake. “Sale” a Faransanci ƙazanta, a Ingilishi sayarwa. “Pain” a nan burodi, a can ciwo. Mafi muni a takardar iyaka shi ne “surname”. Mai Faransanci yana gani zai tuna “surnom”, ya rubuta laƙabinsa, alhali sunan iyali ake nufi, wanda ke cikin fasfo. Sunan da bai dace da na fasfo ba kuwa, kowa ya san tsawon zaman bencin da yake jawowa.

Na uku kalmomin da ke kan takarda da kwali, waɗanda kuskurensu ke taɓa dukiya ko rai. “Deposit” kafin alƙalami, “paid” an biya, “refund” mayar da kuɗi, “no refund” kuɗi ba ya dawowa, “sign” sa hannu, “valid until” tana aiki har zuwa rana kaza, “fragile” mai fashewa. A kwalin magani “MFG” ranar da aka yi shi, “EXP” ranar da ya daina aiki, “twice daily” sau biyu a rana, “external use only” na shafawa ne, kada a sha. Uwar da ta san waɗannan huɗun na ƙarshe ta fi ƙarfin kuskure da yawa a cikin gidanta.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa min.

Wasu na cewa Hausa ta ishe mu, ai a Nima da Sabon Zango a Akra, da zangon Kumasi, da Agege a Legas, Hausa ake ji. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba. Hausa za ta ba ka masauki da tuwo da mai raka ka kasuwa. Sai dai mai masaukinka ba ya tare da kai a gaban tebur ɗin ma'aikacin iyaka lokacin da aka ce ka kawo “yellow card”, katin rigakafin shawara. Kuma duk wanda sai da tafinta yake ciniki, ya san sirrin kasuwarsa yana hannun wani.

Wasu na cewa waya tana fassara. Tana yi, ni ma ina amfani da ita. Amma Alhaji yana da waya a aljihu ranar nan. Bai tambaye ta ba domin bai san akwai abin tambaya ba. Ga kuma caji da ke ƙarewa a doguwar hanya, da layin Kodebuwa da kan yi shiru bayan Noé.

Wasu na cewa a fara gyara Faransancin yaranmu tukuna. Na yarda, Faransanci ne harshen ofis da makaranta a ƙasar nan, kuma shi ne gaba. Amma a makarantun gwamnati sai yaro ya shiga ajin farko na kwaleji yake fara Ingilishi. Yaranmu nawa ne suka bar karatu kafin nan suka shiga shago ko bin mota? Su ne kuwa muke aikawa Akra da Legas da kuɗinmu a ƙugu.

Akwai kuma masu jin cewa lokacin yaro na Alƙur'ani ne, kada a cusa masa harshen Nasara. Ina girmama damuwarsu. Ina dai tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Bonduku ma ba da bebanci suka yi ciniki ba. Duk garin da suka sauka sun tsinci harshensa, addininsu kuma bai ragu da komai ba.

Batun cewa 'yan kalmomi kaɗan na iya ɗaukar kaya mai nauyi, masana sun daɗe da gwada shi. A 1930 wani Bature ɗan Ingila mai suna C. K. Ogden ya fitar da tsarin Ingilishi mai kalma 850 kacal. A 1959 Muryar Amurka ta fara watsa labarai da sauƙaƙƙen Ingilishi mai kalma kusan 1,500, ana karantawa a hankali domin masu koyo. Idan ana iya ba da labarin duniya da 1,500, ɗan kasuwa zai iya kare jarinsa da ɗari.

Ga shawarata ga shugabannin al'ummarmu, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi. A zauna da mutanen da suka fi bin hanyar, su faɗi kalmomin da suka taɓa ba su wahala. A tsamo ɗari, a buga su a takarda ɗaya gaba da baya: Ingilishi, Hausa da boko, Hausa da ajami domin dattawa, sai Faransanci. A ɗauki murya ana furta kowace kalma, a tura a zaurukan WhatsApp da muke da su. Makarantun Islamiyya su ba da minti goma sha biyar sau biyu a mako, kalma biyar kowane zama, cikin mako goma an gama. Malamai ba sai an nemo daga nesa ba, 'yan uwanmu da suka taso a Najeriya da Gana suna sahu ɗaya da mu kowace Juma'a. Kada kuma a bar mata a baya, domin da yawansu ke fataucin atamfa da kayan kwalliya, kuma su ke ba yara magani.

Alhaji ya biya balas ɗinsa, ya cika alkawarin da ya yi wa makanikan a tsohon farashi, ya haɗiye asarar. Da na gan shi bayan sallar Juma'a ya nuna min bayan wani tsohon rasit, ya rubuta kalma goma sha biyu da ajami, kowace da ma'anarta. Ya ce, “Malam, ƙaro min biyar, wata mai zuwa da kaina zan je.” Na ƙara masa, na fara da “surname”.