Shin Gyatsar Shanunmu Ce Ta Ɗumama Duniya?

'Yan'uwa makiyaya, wata magana ta daɗe tana yawo a gidajen rediyo da tarurrukan masana, wai dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki da raƙuma, suna cikin manyan masu ɓata yanayin duniya. Tun a 2006 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kashi 18 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya daga kiwo take fitowa. A 2013 ta ce kashi 14.5 ne, a 2023 kuma ta sauko zuwa kashi 12. Mu a nan Ƙala'at an-Nahal ba za mu toshe kunne ba, domin wanda bai san ƙarar da aka kai shi ba, ba zai iya kare kansa gaban alƙali ba.

Da farko ya kamata a sani cewa iskar nan ba iri ɗaya ba ce. Tururin ruwa ya fi kowace riƙe zafi a sararin sama, amma shi bin zafi yake yi, in zafi ya ƙaru ya ƙaru. Waɗanda hannun ɗan Adam ke ƙarawa kai tsaye manya uku ne. Ta farko ita ce iskar kabon, wadda ke fita idan an ƙone fetur da gas da kwal, ko an sare daji an ƙone. Ta biyu ita ce mitan, wadda ke fita daga tumbin dabba ta hanyar gyatsa, da gonakin shinkafa, da juji, da rijiyoyin mai. Ta uku ita ce naitiros oksaid, wadda akasarinta daga takin zamani da kashin dabbobi take tasowa.

Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai an faɗa: mitan tana da ƙarfi. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa kilo ɗaya na mitan yana riƙe zafi kamar kilo 80 na kabon a cikin shekara 20, in kuma aka auna a shekara 100, kamar kilo 27 zuwa 30. Naitiros oksaid ta fi ta ma, don kilonta ɗaya ya kai kilo 273 na kabon. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mitan da mutane ke jawowa daga dabbobin kiwo ne. Wannan ba mu musa ba.

To amma ƙarfi daban, yawa daban, daɗewa kuma daban. Kafin zamanin masana'antu, kabon a sararin sama kashi 280 ne cikin miliyan, yau ya haye 420. Mitan kuwa, duk da ta ninka fiye da sau biyu da rabi, ba ta wuce wajen kashi 2 cikin miliyan ba. Rahoton nan na 2021 ya ɗora wa kabon kimanin digiri 0.8 na ɗumamar da aka samu, mitan kuma kimanin digiri 0.5, kuma wannan rabin digirin ba na dabbobi kaɗai ba ne, har da na kamfanonin mai da gas da ma'adinan kwal.

Babban bambancin shi ne na daɗewa, kuma duk wanda ya san hafiri zai gane shi. Mitan kamar ruwan hafiri take: yana shiga, yana kuma ƙafewa. Shekara 12 ko makamancin haka take yi a sama ta lalace. Saboda haka garken da yawansa bai ƙaru ba, abin da yake zubawa bana kusan daidai yake da abin da ya lalace na shekarun baya. Kabon kuwa kamar lakar da ke taruwa a gindin hafiri ne: ta bara tana nan, ta bana ta hau kanta. Wani ɓangare na hayaƙin kwal da aka ƙone a Ingila tun kafin a haifi kakanninmu yana nan sama har gobe, zai kuma yi ɗaruruwan shekaru. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na kabon mai da kwal da duniya ke fitarwa a shekara, amma mu ne muka binne dabbobi a farin 1984 da 1985.

Abin da ya sa muke faɗin wannan shi ne tsoron kada a ɗauki maganar mitan a mayar da ita sandar dukan makiyayi. Mun ga yadda ƙasar Gadarif ta canza. Noman tarakta ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, aka kafa hukumar noman injina a 1968, sannan dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Daga nan manyan gonakin dawa da riɗi suka yi ta cin daji, suka matse burtalin da muke bi daga bakin kogin Rahad zuwa Butana da damina, suka kewaye mashaya. Duk itacen dakwara da dushe da aka tumɓuke aka ƙone, kabon ne ya tashi sama. Duk ƙasar kiwo da aka kafta, kabon da saiwar ciyawa ta ajiye a cikinta yana fita sannu a hankali. Wanda ya kori garke ya share daji da sunan gyaran yanayi, ya sayar da iska mai shekara 12 ya sayo mai shekaru ɗaruruwa. Bugu da ƙari, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa gas ɗin girki ya yi wuya, jama'a suka koma kan gawayi, gatari ya ƙara shiga dajin da ya rage.

Wannan ba yana nufin mu naɗe hannu ba. Saniyar da ta rame, tana fama da tsutsar ciki da kaska, tana cin busasshen kara zalla, mitan da take fitarwa a kan kowace ƙwaryar nono ya fi na ƙosasshiya yawa. Haka kuma garken da ke ƙaruwa kullum yana ƙara zafi. Don haka allurar rigakafi a kan lokaci, da ƙulin riɗi da harawa da rani, da sayar da tsofaffin dabbobin da suka daina haihuwa, duk suna rage mitan, suna kuma ƙara nono da kuɗi a aljihu. Mu guji sa wa daji wuta, mu hana yaranmu sassabe itace har gindi.

A taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100 sun yi alkawarin rage mitan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Muna maraba da wannan, amma a fara da bututun gas masu yoyo da rijiyoyin mai, inda gyaran ya fi sauƙi da arha, kuma kada rage mitan ya zama dalilin jinkirta rage kabon.

A nan gida, muna kira ga hukumomin Jihar Gadarif da su shata burtali su kafa masa alamu, su tilasta wa masu manyan gonaki barin itatuwa a gonakinsu, su kawo likitocin dabbobi kusa da mashaya. Duk wani shiri na yanayi da za a kawo yankinmu, a zauna da shugabannin makiyaya tun kafin a sa hannu. Ku kuma 'yan'uwa, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani a ruga da kasuwar dabbobi, domin ranar da aka ce shanunku ne suka ɗumama duniya, ku sami amsar bayarwa da hujja.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dukiyarmu.