Mai Tsaro Ya Busa Ƙaho Da Wuri

Mu tuna da 29 ga Oktoba 2006, ranar da jirgi ya faɗi a Abuja da tashinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yana ciki. Masu bincike sun ambaci iska mai juyawa farat ɗaya, wadda takan danne jirgi lokacin hadari.

Amurka ta sha irin wannan a Dallas a 1985, daga baya ta kafa rada mai hango iskar. Amma sayen na'ura bai isa ba. A gwada ta da damina. Tana gani da wuri? Tana ƙararrawar ƙarya? Ma'aikatan hasumiya suna isar da gargaɗinta ga matuƙi kan lokaci?

Annabi Ezekiyel ya ɗora alhakin jini a kan mai tsaron da ya yi shiru. Mu yi addu'a, mu kuma tambayi hukuma.