Alhaji, Dakata Tukuna Kafin Ka Saya Masa Wannan Babur



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, dalilin wannan rubutu wata 'yar magana ce da ta haɗa ni da mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanmu, ranar da aka tashi daga taron iyaye. Ya ja ni gefe yana fara'a, ya ce, "Malam, yaronka ya kusa sauka, ga shi kuma ya gama sakandare. Na yi masa alkawarin mashin, amma ya ce ba ya son irin na 'yan acaɓa, sai mai ƙarar nan." Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Babur ne ja mai faffaɗar taya, irin wanda samari ke kira fawa-baik, wanda mai tuƙa shi yake kifa ciki a kan tanki. Na ce, "Alhaji, ya iya babur kuwa?" Ya ce, "Ai yana ɗan taɓa na yayansa." A tsaye muke, ban samu na yi masa bayani sosai ba, shi ya sa na kawo maganar nan, domin na san ba a gidansa kaɗai ake wannan ja-in-ja ba.

Ra'ayina shi ne, wannan babur bai dace da ɗan koyo ba, ko da kuwa yaron mai ladabi ne mai natsuwa. Ba halin yaron nake zargi ba, hannunsa ne bai ƙware ba.

Da yawanmu muna ɗauka babur babur ne, sai dai wani ya fi wani kyau da tsada. To, ba haka ba ne. Bajaj Boxer da muka saba gani, injinsa si-si 100 ne, ƙarfinsa kamar na doki 8. Shi kuwa irin su Yamaha R6, injinsa si-si 600, ƙarfinsa ya haura na doki 110, nauyinsa ya doshi kilo 190, kuma yana iya wuce kilomita 250 a awa guda. Daga tsaye, kafin ka ƙirga huɗu ya kai gudun kilomita 100. Akwai ma waɗanda suka fi shi, kamar Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999, wanda ya zarce kilomita 300. Wato yaron da ya koyi sarrafa doki 8 za a damƙa wa linzamin doki sama da ɗari, a ce masa Allah Ya kiyaye hanya.

Inda matsalar take shi ne a hannun dama, domin a nan totur yake, a nan kuma birkin gaba yake. Idan ɗan koyo ya faɗa rami ko ya firgita, jikinsa yakan zame baya, sai ya ƙanƙame kan babur don kada ya faɗi, wannan ƙanƙamewar kuwa ita ce ke murɗa totur ba da saninsa ba. A kan ƙaramin babur, injin zai yi gurnani ya ɗan zabura, a yi masa dariya a wuce. A kan babur ɗin tsere, tayar gaba ce za ta tashi sama, kafin ya tuna inda birki yake ya riga ya isa katanga. In kuma ya tuna, sai ya matse shi gaba ɗaya da yatsu huɗu, alhali birkin nan faifai biyu gare shi masu kamu sosai. In akwai yashi a kan kwalta, kamar yadda yake a gefen kusan kowane titi namu, tayar ta kulle ta zame. Ƙwararre ya san yadda ake matsa birkin gaba sannu-sannu ana ƙarawa. Yaranmu kuwa yawanci an koya musu tsoron birkin gaba ne, sun saba taka na baya kawai.

Ga kuma yanayin zaman. Kai a sunkuye, nauyi a kan wuyan hannu, waiwaye da wuya, kan babur ɗin ma ba ya juyawa sosai wajen yin kwana a lungu. Ba laifin masu ƙera shi ba ne, don filin tsere suka tsara shi, inda kwalta take sumul, babu mai tahowa ta gabanka, babu akuya, babu ɗan garuwa da kurarsa, babu mai Adaidaita Sahu da zai tsaya ɗaukar fasinja ba tare da ya ba da hannu ba.

Ɗalibaina masu son lissafi, ga naku. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙwaƙwalwarsa ta sanar da hannunsa cewa ga yaro zai tsallaka, ya wuce gidaje biyu. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wanda ya yi karo da bango a kan gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. A kan kilomita 100 kuwa, tsayin ya kusa mita 40.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan al'amari. A 1981 wani masani a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da rahoto bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a birnin Los Angeles. Ya gano cewa mafi yawan masu baburan ba su taɓa samun horo na musamman ba, da kansu suka koya ko a wurin 'yan'uwa da abokai, kuma fiye da rabinsu ba su cika wata biyar a kan babur ɗin da suka yi haɗarin da shi ba. Ka lura da wannan, Alhaji: sabon babur a hannun wanda bai saba da shi ba. Haka nan a 2007 cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta bayyana cewa mutuwar masu hawa baburan tsere ta kusa ninka ta masu sauran babura sau huɗu.

Saboda haka ne a Ingila ba a barin matashi ya fara daga sama. Ɗan shekara 17 ba ya wuce si-si 125. In ya kai 19 ya ci jarrabawa, a ba shi izinin mai ƙarfin doki 47. Babban kuwa sai ya kai 24, ko 21 in ya yi shekara biyu a matakin tsakiya. Mu da muka fara da babbaƙu kafin farfaru bai kamata wannan tsari ya zama baƙo a wurinmu ba.

Na san wani zai ce, "Malam, ai ƙananan baburan ne suka cika asibitin ƙashi da masu karaya." Gaskiya ne, domin su suka fi yawa, kuma ban ce ƙaramin babur ba ya kisa ba. Babur ko wane iri ne ba shi da bango, jikinka ne bodinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum kusan miliyan 1.19 ne suka rasu a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'in 'ya'yanmu. Mu kuma da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009, wasunmu ƙwarya suka kifa a ka don a yaudari 'yan Hukumar Kiyaye Haɗurra. An sha dariya a lokacin. To, in ƙaramin ma haka yake yi mana, ina dalilin ƙaro wanda ya ninka shi fiye da sau goma?

Wani kuma zai ce ai sai kwana ya ƙare. Haka ne, amma kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, kuma ba ran mai tuƙi kaɗai ke kan titi ba. Wanda ya banke ɗan mutane ya mutu, ko da bisa kuskure ne, akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. Samarin da ke ɗaga taya a wajen rakiyar amarya ba na jin an taɓa zaunar da su an gaya musu wannan.

Idan yaro ya cika shekara 18 kuma akwai buƙatar abin hawa, a saya masa mai si-si 100 ko 125, a yi masa lasisi, a haɗa da hular kwano ta gaske mai maɗauri a haɓa, da takalmi rufaffe, ba silifas ba. A samu dattijon da ya daɗe yana tuƙi ya kai shi fili ya koya masa birkin gaba har hannunsa ya saba. Watannin farko kada ya goya kowa. In ya fara goyon, 'yan mata da iyayenmu mata ku tattare hijabi da zani a kan cinya, domin kaca da tayar baya ba sa sakin abin da suka kama.

Shi dai Alhaji ya ce zai sake shawara da mahaifiyar yaron. Yaron kuwa ya ji labarin ni na hana, tun daga ranar a daƙile yake gaishe ni.