Cacar Intanet: Lasisin Wa Ke Aiki a Jega?

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamba na 2024 ya taƙaita dokar caca ta 2005 ga Abuja kaɗai, ya mayar wa jihohi ikon ba da lasisi. Saboda haka takardar Tarayya ba ta kare kowa a Jega ko Maiyama, inda Shari'ar da Jihar Kebbi ta ƙaddamar a 2000 ta haramta wa Musulmi caca.

Sai dai wayar hannu ba ta neman izinin hukuma. Ɗalibin Aliero da ya zuba kuɗin makarantarsa a shafin da aka yi wa rajista can tsibirin Kurasawo, in aka riƙe masa abin da ya ci, ina zai kai kuka? Kamfanin ba shi da ofis a Birnin Kebbi, kuma kai ƙarar ma tona asirin kai ne.